Auna Yaro, Auna Tambaya

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Gidan Rumji ko ta Tibiri ya san ba a fara ciniki sai an kalli tiya. Mai saye zai ɗaga ta, ya duba gindinta ko an buga shi ciki, ya shafa bakinta ko an rage, domin gero ɗaya ne amma tiya kala-kala ce. Wannan hankalin da muke da shi a kasuwa da wuya mu shiga makaranta da shi. Yaro ya dawo gida da takardar sakamako an rubuta masa 8 bisa 20 a lissafi, uba ya yi faɗa, uwa ta yi jugum, ba wanda ya tambayi wace tiya aka auna shi da ita. Ɗan maƙwabci da ke karatu a Cadakori ya kawo 14, aka ce ya fi ƙoƙari. Wataƙila ya fi ɗin. Wataƙila kuma mushensu ne ya ba da tambayoyi masu sauƙi, ko hannunsa a sake yake wajen ba da maki. Lambar ita kaɗai ba za ta raba gardamar ba, saboda abu biyu ne suka cakuɗe a cikinta, iyawar yaro da nauyin tambaya.

Fiye da shekara ɗari masana lissafi suka yi suna neman hanyar raba waɗannan biyun, kuma abin da suka samo ya riga ya shigo makarantun Nijar, ko da yake yawancin iyaye da malamai ba su ji labarinsa ba.

Makin bisa 20 gado ne daga Faransa, kamar yadda muka gaji sunayen azuzuwa daga CI har zuwa CM2. A can Faransar ma an daɗe ana zarginsa. Tun a shekarun 1920 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Henri Piéron ya mai da binciken jarrabawa fanni mai zaman kansa. A 1936 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da Henri Laugier da Dagmar Weinberg suka yi wa lissafinsa, a kan jarrabawar bakaloreya. Sun ɗauki takardun ɗalibai na gaske, suka ba ƙwararrun masu gyara daban-daban kowa ya sa makinsa ba tare da ya ga na ɗan'uwansa ba. A rubutun insha'i na Faransanci an sami takarda ɗaya da tazarar makinta tsakanin mai gyara da mai gyara ta kai 13 bisa 20. A lissafi ma, inda kowa ke zaton amsa ɗaya ce tak, tazarar ta kai 9. Da suka ƙididdige yawan masu gyaran da za a tara kafin a sami makin da za a iya dogara da shi, sai suka ga lissafi na bukatar mutum 13, insha'i 78, falsafa kuwa 127. Tun kafin su, a 1913, Daniel Starch da Edward Elliott a Amurka sun aika takardar lissafi guda ɗaya ga malamai sama da ɗari, makin da ta samo ya tashi daga 28 zuwa 92 bisa 100. A daidai lokacin da ake gano wannan rauni a can, a lokacin ne ake dasa tsarin a ƙasashenmu, kuma mu ba a zo mana da gargaɗin tare da shi ba.

Matsalar mai gyara ita ce aka fara gani don ita ce a fili. Ta tambayar kanta ta fi ɓoyuwa. Wanda ya fara ɗaukar tambaya a matsayin abin da ita ma za a auna shi ne Alfred Binet. Faransa ta tilasta karatun firamare tun 1882, azuzuwa suka cika da yaran da ba sa bin karatu, hukuma na son sanin waɗanne ne ke bukatar taimako na musamman. A 1905 Binet da abokin aikinsa Théodore Simon suka fitar da gwaji mai ayyuka 30, an jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya. A gyaran da suka yi masa a 1908 suka kasa ayyukan bisa shekaru. Dabarar tasu mai sauƙi ce: ba a zaune a ofis za a ce wannan tambayar ta 'yan shekara bakwai ce ba, sai an je an gwada ta a kan yara da yawa an ga a wace shekara yawancinsu ke iya ta. Ke nan yara ne ke auna tambaya kafin tambaya ta auna yara.

Shekara guda kafin gwajin farko na Binet, a 1904, Charles Spearman na Ingila ya kawo tunanin da aka gina tsohon tsari a kansa, cewa duk makin da aka gani haɗin abu biyu ne, makin gaskiya da kuskuren awo. Kuskuren yana iya zama zazzaɓin da yaro ya kwana da shi, ko sa'ar da ya yi tambaya ta faɗo kan abin da ya karanta jiya. Daga nan aka fitar da hanyoyin sanin yadda jarrabawa take da tabbas, irin na Kuder da Richardson a 1937 da na Lee Cronbach a 1951, waɗanda har yau ake koyar da su a sassan ilimi na jami'o'i. Tsarin ya yi aiki, amma yana da ƙulli guda da ya kasa kwancewa. Idan aka ce kashi 80 cikin ɗari sun ci tambaya, sai a kira ta mai sauƙi. To, idan aka kai ta wani aji kashi 30 kawai suka ci fa? Tambayar ba ta sake ba, ga shi nauyinta ya sake. Haka shi ma yaro, gwani ne a jarrabawa mai sauƙi, rago ne a mai wuya. Kowane ɓangare da ɗayan ake auna shi, ba turken da za a ɗaure ko ɗaya.

Akwai wani abin da ya faru a tsakanin nan da bai kamata a tsallake ba. A 1917 rundunar sojan Amurka ta fara yi wa sababbin sojoji gwajin basira da tambayoyin canki-canka, aka gwada mutum kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai. A 1923 Carl Brigham ya ɗauki sakamakon ya rubuta littafi yana cewa baƙin haure daga kudanci da gabashin Turai ba su kai sauran basira ba. Alhali a cikin alƙaluman nasa akwai abin da ke ƙaryata shi, domin makin mutum yana ƙaruwa ne gwargwadon shekarun da ya yi a Amurka, wato Turanci da sabo da rayuwar ƙasar ake aunawa. A 1930 Brigham ya fito ya janye maganarsa da kansa. Ina girmama wannan janyewar, amma kafin ta zo maganar ta riga ta yaɗu ta yi ɓarnar da za ta yi.

Wanda ya kwance ƙullin nan na tsohon tsari ɗan ƙasar Danmak ne, Georg Rasch, an haife shi a 1901. Masanin lissafi ne zalla, ya yi zama a Landan a tsakiyar shekarun 1930 wajen Ronald Fisher, babban malamin ilimin ƙididdiga na zamanin. A farkon shekarun 1950 aka kawo masa wata matsala a Kofanhagan. Akwai yara masu wahalar karatu da aka yi shekaru ana ba su darasi na musamman, ana son a san ko sun ci gaba. Amma kowace shekara da nassi daban aka gwada su, tunda ba za a ba ɗan shekara goma sha biyu abin da aka ba shi yana ɗan takwas ba. Yaro ya yi kuskure goma bara, bana ya yi goma sha biyu a nassin da ya fi wuya. Ya ci gaba ne ko ya koma baya? Rasch ya sa aka nemo wasu yara, kowane rukuni ya karanta nassi biyu, wannan da na gaba da shi, har aka haɗa nassoshin duka kamar sarƙa. Da haka ya iya fitar da nauyin kowane nassi a kan ɗan'uwansa, ya cire shi daga lissafi, abin da ya rage shi ne iyawar yaron. Daga baya ya yi irin wannan aiki a kan gwajin da ake yi wa samarin da za su shiga soja, ya tattara duka a littafin da ya fitar a 1960.

Hanya mafi sauƙi da na sani ta fahimtar abin da Rasch ya yi ita ce filin kokawa. Ba a sanin ƙarfin ɗan kokawa da yawan mutanen da ya kayar kawai, sai an tambayi su wa ya kayar. Wanda ya zubar da goma a dandalin ƙauyensu ba a haɗa shi da wanda ya kayar da uku a gasar takobi. Da Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975, abin da ya ɗaga sunansa shi ne irin mazajen da suka faɗi a hannunsa. Kuma duk mai kallon kokawa ya san ƙarfi ba ya ba da tabbas, sai dai rinjaye: wata rana santsi ko gaggawa na sa ƙaramin ɗan wasa ya kai babba ƙasa. Rasch ya ɗauki yaro da tambaya kamar 'yan kokawa biyu, ya ɗora su a kan ma'auni guda, yaro da iyawarsa, tambaya da nauyinta. Idan sun yi kunnen doki, yiwuwar yaron ya ci tambayar rabi da rabi ce. Idan ya fi ta da taki ɗaya a ma'aunin, yiwuwar ta kai kusan kashi 73 cikin ɗari. Da taki biyu ta kai kusan 88. Idan ita ce ta fi shi da taki ɗaya, sai ta sauko kusan 27. Tazarar da ke tsakaninsu ce kaɗai ke magana.

Amfanin da ke cikin wannan yana da yawa. Yara biyu da ba su amsa tambayoyi iri ɗaya ba ana iya kwatanta su, muddin akwai wasu tambayoyi da suka haɗa takardunsu, kamar yadda ake kwatanta 'yan kokawa biyu da ba su taɓa karawa ba ta hanyar waɗanda kowannensu ya kara da su. Ana iya kwatanta bana da shekara biyar baya idan an ɓoye wasu tambayoyin an sake sa su, su zama turke. Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne ma'aunin yana tona asirin tambaya mara kyau. Idan aka ga wata tambaya raunanan ɗalibai suna cinta, gwanaye suna faɗuwa, to akwai abin da ya same ta: ko amsar da aka ajiye kuskure ce, ko lafazinta na da harshen damo, ko wani abu take aunawa daban da abin da aka nufa. Sai a fitar da ita a duba. Haka idan yaro ya faɗi masu sauƙi ya ci masu wuya, lissafin zai nuna shi, a bincika ko leƙe ya yi, ko wani zango na karatu ne ya wuce shi yana gona.

A Amurka kuma wani reshe ya tsiro daban. Frederic Lord, wanda ke aiki a babbar hukumar shirya jarrabawa ta ETS a garin Princeton, ya fitar da nasa nazarin a 1952. A 1968, cikin littafin da ya rubuta tare da Melvin Novick, aka buga aikin Allan Birnbaum, wanda ya ƙara wa kowace tambaya siffa biyu bayan nauyi. Ta farko ita ce kaifinta wajen rairaye gwani daga wanda bai iya ba, domin wata tambayar rariya ce mai ƙananan ido, wata kuwa kowa na zurarewa ta cikinta. Ta biyu ita ce rabon mai cinta: a tambaya mai zaɓi huɗu, wanda bai san komai ba ma yana da kashi 25 cikin ɗari na dacewa. Daga nan gardama ta tashi wadda ba ta mutu ba har yau. Mabiya Rasch, da jagoransu Benjamin Wright na Jami'ar Shikago wanda ya saurari laccocinsa a 1960, suka ce ma'auni shi ne alƙali, tambayar da ba ta bi shi ba a gyara ta ko a jefar. Mabiya Lord suka ce a'a, a faɗaɗa lissafi ya ɗauki tambayoyi yadda suke. Bambancin ba na malamai kaɗai ba ne. A tsarin Rasch, yara biyu da suka amsa takarda ɗaya suka ci tambaya goma-goma matsayinsu ɗaya, ko waɗanne goma ne. A tsarin Birnbaum ɗaya na iya fin ɗaya, don tambayoyin da ya ci sun fi kaifi. Bayyana wa uba wannan na biyun ba ƙaramin aiki ba ne, shi ya sa ni na fi karkata ga na farko a duk inda sakamako zai koma hannun iyaye.

Duk wannan ya zauna a littattafai har kwamfuta ta yi araha, don lissafin ya fi ƙarfin alƙalami. Daga shekarun 1980 manyan gwaje-gwaje suka rungume shi. Aka kuma fara jarrabawar da kwamfuta ke zaɓar wa mutum tambaya ta gaba bisa yadda ya amsa ta baya, in ya ci a ƙara nauyi, in ya faɗi a sassauta. Wannan dabarar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya yi makarantar allo. Malam ba ya ba almajirai talatin ƙari iri ɗaya. Kowa zai zo ya biya, malam ya ji inda harshensa ya tsaya, sannan ya ce a wanke ko a koma. Gwajin PISA na ƙasashe masu arziki, da aka fara a shekarar 2000, da ma'aunin Rasch ya soma, ya sauya zuwa gauraye da na Birnbaum a 2015. Kafin sauyin, wani ɗalibin Rasch ɗin kansa, Svend Kreiner, ya nuna cewa matsayin ƙasa a jerin PISA na iya hawa ko sauka sosai gwargwadon tambayoyin da aka zaɓa, saboda tambaya ɗaya ba ta da nauyi ɗaya a kowace ƙasa da kowane harshe. A riƙe wannan, zai dawo mana.

Ta hanyar PASEC abin ya iso Nijar. Shiri ne na taron ministocin ilimi na ƙasashe masu amfani da Faransanci, CONFEMEN, mai hedikwata a Dakar, an kafa shirin a 1991. A shekarunsa na farko ƙasa-ƙasa yake bi, yana gwada yara a farkon shekarar karatu da ƙarshenta. A Nijar, a farkon shekarun 2000, ya yi bincike kan malaman kwantaragi, waɗanda gwamnati ta fara ɗauka da yawa tun ƙarshen shekarun 1990 don a buɗe makarantu a ƙauyuka. Sai a 2014 aka sake masa fasali gaba ɗaya. Ƙasashe goma suka yi gwaji ɗaya a lokaci ɗaya: Benin, Burkina Faso, Burundi, Kamaru, Cadi, Kwango, Kwaddibuwa, Nijar, Senegal da Togo. Yara kusan 40,000 a makarantu sama da 1,800, 'yan aji biyu da 'yan aji shida, wato CP da CM2 a wajenmu. Ƙananan ɗaya bayan ɗaya ake zama da su ana tambayarsu da baki. Manyan kuwa littattafan tambaya ake raba musu, kuma ba iri ɗaya ba: an kasa tambayoyin kashi-kashi, kowane littafi na ɗauke da wasu, suna haɗuwa da juna a wasu. Sarƙar nan ce ta Rasch. Da ita aka ɗora kowa a ma'auni guda da aka sa tsakiyarsa a 500, sannan aka yanka shi matakai, kowane mataki da bayanin abin da yaron da ke kansa ya iya, aka ja layi aka ce daga nan sama shi ne isasshen sani.

Sakamakon ya yi ɗaci. A ƙarshen firamare, yaran Nijar da suka haye layin ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba, a karatu da lissafi duka, kuma ƙasar ce a ƙarshen jerin goman. A lissafi sama da rabin 'yan CM2 sun faɗa ƙasa da mataki na ɗaya. Ya kamata a fahimci ma'anar wannan da kyau. Jarrabawa ta fi auna mutum daidai a inda nauyin tambayoyinta ya yi kusa da iyawarsa. Yaron da ke ƙasa da mataki na ɗaya, ko tambayoyin da suka fi sauƙi sun fi ƙarfinsa, don haka gwajin ba shi da abin faɗa a kan abin da ya iya, abin da bai iya ba kawai ya gani. Kamar a auna ɗan akuya da sikelin da aka yi don buhunan albasa ne. Tsakanin yaron da bai san haruffa ba da wanda ke haɗa gaɓoɓi a hankali akwai tafiya mai nisa, kuma a wannan tazarar malamin ƙauye yake aikinsa kullum.

An maimaita gwajin a 2019 da ƙasashe 14 da yara sama da 60,000, aka haɗa har da malamansu. Tambayoyin turke ne suka ba da damar kwatanta shekarun biyu, kuma Nijar na cikin ƙasashen da suka fi ɗagawa: a karatu, 'yan CM2 da suka haye layin sun kai kimanin kashi 30 cikin ɗari. Abin farin ciki ne, amma har yanzu bakwai cikin goma suna ƙasa. Kuma gwaji ne na samfur, an tsara shi ya ba da hoton ƙasa da manyan yankunanta. Ba ya ce wa daraktan wata makaranta a Sae Sabuwa ko Gidan Sori ga halin da ajinka yake ciki, balle ya ce wa uba ga matsayin ɗanka. A ganina nan ne babban giɓin yake. An sami ma'auni mai kyau, amma ya tsaya a rahotannin Yamai da Dakar, a cikin aji kuwa tiyar nan ta bisa 20 ce ke yanke hukunci, ita ke cewa wane ya wuce, wane ya maimaita.

Ita ce kuma ta yanke wa malamai hukunci. A watan Yulin 2017, zamanin minista Daouda Mamadou Marthé, gwamnati ta yi wa dubban malaman kwantaragi na firamare jarrabawa a faɗin ƙasa. Ƙungiyoyin malamai sun yi adawa, wasu suka ƙaurace, daga baya aka soke kwantaragin waɗanda makinsu ya yi ƙasa sosai, aka tura wasu horo. Ba na jayayya cewa wanda zai koyar da yara dole ya san abin da zai koyar. Abin da ke damuna shi ne duk inda aka ja layi a kan maki, akwai mutane a gefensa biyu da bambancinsu bai wuce kuskuren awo ba, wanda Spearman ya yi magana a kansa tun 1904. Idan abincin gidan mutum ya rataya a kan rabin maki, haƙƙinsa ne a ce an gwada tambayoyin kafin a gwada shi. Wannan magana ta shafi jarrabawar sartifika ta ƙarshen firamare, wadda aka dakatar kusan shekara goma sannan aka maido da ita a 2024, ta shafi BEPC da bakaloreya. Idan an ce bana an fi bara cin jarrabawa, ba mai iya rantsuwa yara ne suka ƙaru ko tambayoyi ne suka yi laushi, sai in akwai turke tsakanin shekarun.

Saura maganar harshe, wadda ita ce ta Brigham, ita ce ta Kreiner, ita ce kuma tamu. Yaron Gidan Rumji ko Agiye ko Gazawa da Hausa ya tashi, ranar da ya shiga CI ranar ya fara jin Faransanci. Idan aka ba shi matsalar lissafi a rubuce da Faransanci ya faɗi, ba a san wanne ya kayar da shi ba, lissafin ko harshen. Masana awo suna da hanyar kama wannan, wadda Paul Holland da Dorothy Thayer suka daidaita a shekarun 1980: a ɗauki yara daga rukuni biyu waɗanda iyawarsu ta zo ɗaya a sauran jarrabawar, a ga ko wata tambaya ta fi yi wa rukuni ɗaya wuya. In ta fi, tana da son kai, a cire ta. Ana yin haka tsakanin maza da mata, birni da ƙauye, harshe da harshe. Amma dabarar na kama tambaya ɗaya-ɗaya ne da ta fita daban. Idan jarrabawar ce gaba ɗayanta ta karkata, duk tambayoyin suka yi wa yaro nauyi iri ɗaya saboda harshe, lissafin ba zai ga komai ba, zai ce yaron ne mai rauni. Tun 2019, da rikicin 'yan bindiga ya koro dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa yankin Gidan Rumji, an sami ƙarin wani rukuni: yaran da suka fara boko da Turanci, ga su a gaban allon Faransanci.

Nijar ba ta makara wajen gane wannan ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi, kuma a gwajin PASEC na 2019 an shirya tambayoyin ƙananan aji da Hausa da Zabarmanci don makarantu masu harshe biyu. A watan Maris na 2025 sabuwar dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci suka zama harsunan aiki. In har jarrabawa za ta bi wannan hanya, aikin da ke gaba ya wuce fassara. Kowace tambaya sai an sake gwada ta a kan yara an auna nauyinta daga farko, a Tibiri inda Gobiranci ke bakin yara, a Gazawa, a Damagaram, don kalmar da ta zama ruwan sha a nan wataƙila baƙuwa ce a can.

Misalin kuɗi ya isa ya nuna girman aikin. Takardar Faransanci za ta ce yarinya ta sayi sabulu na faran 150, ta ba da 500, nawa ne canjinta. Amsa 350. Amma ba mai cewa haka a kasuwar Gidan Rumji, da dala ake lissafi, kowace dala faran biyar. A bakin yarinyar sabulun dala talatin ne, kuɗin da ta miƙa dala ɗari, canjinta dala saba'in. Lambobin sun sake, ragin ya zama wani ragi daban, ɗari a cire talatin maimakon ɗari biyar a cire ɗari da hamsin. Wanda ya fassara kalmomin ya bar lambobin ya rubuta Hausar da ba a yi. Wanda ya juya lambobin zuwa dala ya rubuta sabuwar tambaya, wadda ba a san nauyinta ba tukuna. Yarinyar kuwa tun tana 'yar shekara bakwai take tallan gyaɗa a tasha, tana ba da canjin dala ɗari ba ta taɓa ɓata ko dala ɗaya ba.